Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan Majalisar Tarayya: kafin dokar kifi, a ba kogin Haɗeja rabonsa na ruwa

Zuwa ga shugabanni da mambobin kwamitocin albarkatun ruwa na Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma jama'a.

Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye alli ina zaune a Nguru ta jihar Yobe. Kafin in riƙe alli gora na fara riƙewa. Mahaifina masunci ne, kakana ma haka, ƙanena kuwa har gobe da tarun kalli da ƙugiya yake ciyar da iyalinsa a bakin mashigar Marma. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganganu biyu da nake yawan ji a rediyo. Ɗaya ita ce a sabunta dokokin kamun kifi na ƙasa domin sun tsufa. Ɗayar ita ce kuɗin gyaran madatsun ruwa, wadda ta yi ƙarfi tun bayan ambaliyar da ta ci Maiduguri a 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. A Abuja ana yin maganganun nan biyu a ɗakuna daban-daban, kowace da ma'aikatarta da kwamitinta. Mu a nan magana ɗaya ce, domin kifin da kuke son ku yi wa doka a cikin ruwan madatsun nan yake haihuwa, ko ya kasa.

A bayan gidanmu na ƙauye akwai wata goriba da Baba, Allah ya jiƙansa, yake yi wa tsaga da wuƙa kowace shekara daidai inda ruwan malala ya tsaya. Ina yaro sai na ɗaga hannu nake taɓa tsagar sama. Ruwa yakan iso mana wajen watan Agusta, ba da garaje ba, ya hau fadama kamar mai sanɗa, ya shiga cikin burgu da sauran ciyayi. Kifi sai ya biyo shi. Tarwaɗa da karfasa da kawara da kurungu duk a cikin wannan ciyawa mai ɗan ruwa suke zuba ƙwai. Bargi da yauni har gida suke yi a ciki. 'Ya'yan su samu abinci, su samu maɓoya daga tsage da giwan ruwa, su yi wata biyu zuwa uku suna girma. Sanyi na shigowa ruwa ya fara janyewa, kifi ya juyo zai koma kogi jikinsa duk mai, a nan masunci yake samun na shekara. Manomi ya yanke shinkafarsa, wani ya bi sawun ruwa ya shuka wake a kan danshi. Bafillace ya gangaro da shanu su ci burgu su bar taki. Kafin bazara ta ƙare kogin ya yanke ya zama gurbi-gurbi, ƙasan mashigai ta bushe ta tsattsage, mukan buga ƙwallo a inda aka tuƙa jirgi watanni shida da suka wuce. Fili ɗaya, mutum uku suna ci, kowa da lokacinsa, kuma ruwa ne yake raba musu lokacin.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1992 aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kogunan nan biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, don haka tun daga lokacin ruwan da yake zuwa mana ya koma hannun mai riƙe da makullin ƙofar madatsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 ruwa yakan malale hekta 250,000 zuwa 300,000 a dausayin Haɗeja da Nguru, daga baya ya koma tsakanin 70,000 da 100,000. Ba zan ɗora wa madatsu laifin duka ba, an yi fari mai tsanani a shekarun 1970 da 1980, mun ji a jikinmu. Amma fari ya wuce, damina ta dawo, kogin bai koma yadda yake ba.

Wurin da nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau ke nan, domin yawancin baƙin da suke zuwa mana a nan suke ɓata. Mutum ya taho daga Haɗeja ya bi hanyar Nguru, ya ga ruwa dama da hagu, kore shar har iyakar gani, sai ya ce to me mutanen nan suke kuka a kai, ga ruwa har ya yi musu yawa? Abin da madatsa ta yi shi ne ta riƙe ruwan damina ta rage malala, sannan ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani saboda masu noman rani da ruwan shan Kano. Mashigan da suka saba bushewa suka daina bushewa. Ita kuwa ciyawar kacala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Koren da baƙo yake gani yana sha'awa, ita ce. Ta fi mutum tsawo, saiwarta ta sarƙe a ƙasa kamar tabarma, tana tare laka da yashi har mashiga ta cike. Tsohon kogin Haɗeja da reshensa na Burum Gana suka toshe, ruwa ya rasa hanya ya karkato Marma da tafkin Nguru, ya kwanta a gonaki shekara da shekaru, ya ci gidaje, ya riƙa yanke hanya. Mutanen da suke can gaba wajen Gashuwa kuma suna jiran ruwan Haɗeja bai iso ba. Masunci ba ya iya jefa tarun birgi a cikin kacala, ba ya iya shimfiɗa kalli, jirgi ba ya ratsawa. Manomin da ya tsira da 'yar gonarsa sai ya kwana yana kora, domin jan baki a cikin kacala yake kwana, da asuba ya tashi kamar hadari ya sauka a kan gero da shinkafa.

Na shiga aikin gayyar yankan kacala ba sau ɗaya ba, kafin gwiwa ta hana ni. Ana fita bayan sallar asuba, mutum hamsin ko sittin daga ƙauyuka uku, kowa da laujensa ko adda. Ruwa iya ƙirji. Sai ka nutsa hannu ka yanke ta daga ƙasa, domin in ka yanke a saman ruwa ka yi mata aski ne kawai. Ganyen yana yanka hannu, matsattsaku yana bin ƙafa, mata suna bakin gaɓa da kunu da ɗanwake. Mu yi kwana huɗu mu buɗe hanyar da jirgi ɗaya zai wuce. Ranar da ruwa ya fara gudu a cikinta yara har guɗa suke yi. Bayan wata uku ka koma ka tarar ta haɗe kamar ba a taɓa sa mata ƙarfe ba, abin da ya rage mana sai tsargiya a jikin samari. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa, kuma sun yi aiki, inda suka bi ruwa ya wuce. Sai dai inji ma yankewa yake yi ya tafi. Muddin mashiga ba za ta samu 'yan makonnin da za ta bushe a ƙone saiwar ba, shekara mai zuwa sai an sake sayen man dizal.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanku. Na ari kundin tsarin mulki na 1999 na duba jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka. Abu na 29 ya ba ku kamun kifi, amma ya cire na koguna da tafkuna da kududdufan cikin ƙasa. Wato kifin teku naku ne, tarwaɗar Nguru ta majalisar jiha ce. Abu na 64 kuwa ya ba ku ruwan da kuka ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya, kuma dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta riga ta sa irin wannan ruwa a hannun gwamnatin tarayya. Ruwan da ya fito daga Tiga yana ratsa Kano da Jigawa da Yobe. Na kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya bi ta Bauchi, ya haɗu da na Haɗeja su zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam da Damasak ya faɗa tafkin Chadi. In akwai ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a ƙasar nan, to wannan ne. An raba gado ke nan, an ba jiha kifi, an ba ku ruwa. Majalisar Damaturu ko ta Dutse za ta iya rubuta doka mai shafi ɗari a kan girman idon taru, amma ba ta da ikon cewa a buɗe ƙofar Tiga ranar kaza.

Dokar kamun kifin cikin ƙasa da muke da ita, mai lamba 108 ta 1992, sojoji ne suka yi ta. Ta hana guba da nakiya, ta ce idon taru kada ya gaza milimita 76, wato inci uku, ko da yake mu da yatsu muke aunawa. Har ta ce wanda zai gina madatsa ya yi wa kifi hanyar wucewa. Tarar da ke cikinta ta ɗaruruwa ce da 'yan dubban naira, kuɗin da yau ba zai sayi kwandon banda ba. Ta tsufa, ban musa ba, a gyara ta. Abin da nake tsoro shi ne a gyara ta ta gefen da ya fi sauƙi, a ninka tara, a ƙaro lasisi, a ɗauki sababbin ma'aikata masu kaki, a bar maganar ruwa inda take. Shekarun baya wasu ma'aikata, ba zan faɗi daga inda suka fito ba, suka tare ƙanena a bakin ruwa suka auna kallinsa suka ce idon ya yi ƙanƙanta, suka naɗe suka jefa a mota. Gaskiyarsu ne, yatsa biyu ne. Ya ce musu, "Ranka ya daɗe, ka nuna mini inda kifin yatsa huɗu yake in je in kama." Ba wanda ya amsa masa. Ya ci bashi ya sayi wani kallin, shi ma yatsa biyu. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada ku ɗauka ina wanke masunta ne. Muna da namu laifin, kuma babba ne. Akwai masu jera gura, wato tarkon kifi, su datse mashiga daga wannan gaɓa zuwa waccan, abin da muke kira dumba, ko ɗan kifi kamar yatsa ba ya tsallakewa. Akwai masu jan gidan sauron da aka raba wa mata masu ciki, su kwashe 'ya'yan kifi a shanya a sayar da mudu. Akwai waɗanda suka taɓa zuba maganin ƙwari na Gamalin a gurbi, Allah ya shirye su. A zamanin Baba ba mai yin haka ya kwana lafiya, domin Sarkin Ruwa yana rufe gurbi ya ce ba a shiga sai rana kaza, kuma maganarsa ta zauna. A Argungu har yau ana kiyaye kogin Matan Fada sai ranar bikin kamun kifi, mutanen Bade ma suna da irin wannan al'ada a Gogaram. A tafkin Kainji, a ƙarshen shekarun 1990, an hana jan tarun dala, kuma abin ya kama ne a lokacin da aka zauna da sarakuna da shugabannin masunta aka sa su a gaba. Wannan aikin jihohi ne da masarautu, ku bar musu, ku taimaka musu da tsarin da za su daidaita dokokinsu, tun da kifi bai san iyakar Guri da Nguru ba. Amma Sarkin Ruwa ba zai iya ce wa mai yunwa ya jira kifi ya girma ba, alhali kowa ya san malalar da za ta girmar da shi ba ta zo ba.

Na san abin da ya sa kuke ɗari-ɗari da duk wata doka mai sunan ruwa. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ya sha kaye a gabanku. Ya tayar da ƙura a Majalisar Dattawa a 2018, aka dawo da shi Majalisar Wakilai a 2020 aka janye, Honorabul Sada Soli ya sake dawo da shi a 2022, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023. Mutanen kudu da na tsakiyar ƙasa, irin su tsohon gwamnan Binuwai Samuel Ortom, suka ce dabara ce ta ƙwace bakin koguna a miƙa wa makiyaya. Ban ga laifin mutum ya ji tsoro a kan ƙasar kakanninsa ba. Kuskuren da aka yi shi ne an ɗauko rijiyar burtsatse ta Enugu da bakin kogin Binuwai da ƙofar Tiga an zuba a buhu ɗaya, buhun ya yi nauyi ya yage, namu ya zube tare da na kowa. Mu ba mu nemi a taɓa ƙasar kowa ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne a takarda. Ku yi doka a kan yadda ake sarrafa madatsun gwamnatin tarayya da ruwansu yake ƙetare jiha, ku fara da kwarin Haɗeja da Jama'are da Yobe. Dokar ta ce kogin kansa yana da kaso, kamar yadda birnin Kano yake da kaso, manoman Kura da Kadawa suke da kaso, injin lantarkin da aka sa a Tiga yake da kaso. A shekarar da madatsu suka cika, a saki ruwa mai yawa a tsakiyar damina, lokacin da Jama'are ma yake kawowa, domin fadama ta malale kifi ya hau. A cikin rani kuma a tsara yadda za a riƙa rufe mashigai bi da bi su bushe. Injiniyoyi ne za su faɗi adadi da ranaku, ba ni ba. Abin da doka za ta yi shi ne ta tilasta a rubuta jadawalin kowace shekara, a karanta shi a rediyo da Hausa da Kanuri da Badanci da Fulatanci, kuma a teburin da ake rubuta shi a samu kujerar masunci da ta manomin fadama da ta makiyayi daga ƙasan kogi, masu ƙuri'a, ba 'yan rakiya ba. A yau mutumin Kirikasamma da ganin ruwa a tsakar gidansa yake sanin an buɗe ƙofa a sama. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja ya san abin da nake nufi.

Ina da 'yan uwa a Kano, kuma shinkafar Kura nake ci. Ban ce a fasa Tiga ba, ban ce a bar Kano da ƙishirwa ba. Wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa sun zo dausayin nan a farkon shekarun 1990, suka lissafa kifi da shinkafa da itacen da ake samu, suka gwada da abin da aikin noman rani na kogin Kano yake bayarwa. Suka tarar kowane ma'aunin ruwa da ya iso fadama yana haifar da dukiya ninkin-ba-ninkin wanda aka tare a sama. Lissafin nan ya haura shekara talatin a kan kanta. Dalilin da ya sa ba ya shiga kasafi, a ganina, shi ne arzikin fadama ba ya bi ta ofis. Mace ce da kwandon banda a tashar Nguru, yaro ne da damin kaba, ba mai yanka musu rasit balle a ƙirga su.

Ba ma sai kun fara daga tushe ba. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun taru a Damaturu suka amince da tsarin kula da kwarin, aka kafa asusun amana mai ofis a can, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Mun yi murna a lokacin, an yashe wasu mashigai mun gani da idonmu. Amma abin da aka gina a kan alkawarin gwamnoni, in gwamna ya sauka sai ya tafi da alkawarinsa. Ku ɗauko wannan aiki ku sa masa ƙafar doka da kaso tsayayye a kasafi.

Maganar kasafi kuwa, ku yi mini haƙuri, dole in taɓa ku. Hukumomin raya koguna da aka kafa tun 1976 an yi su ne domin madatsu da magudanai da ruwa. Duk wanda ya buɗe kasafinsu na 'yan shekarun nan zai ga fitilun sola na kan titi, da babura, da kekunan ɗinki, da ginin ajujuwa, da horar da matasa a garuruwan da ko rafi babu. Ayyukan mazaɓu ne, kuma ba daga sama suka faɗo ba, a ɗakunan kwamitocinku ake cusa su. Ni malami ne, ba zan ƙi a gina aji ba. Amma injiniyan da aka ɗauka ya duba tsagewar bangon madatsa ya koma mai raba keken ɗinki, ma'aunan ruwa da ke bakin kogi sun lalace ba mai karantawa, kuɗin yashe mashiga kuwa sai an yi ambaliya ake tunawa da shi. Gyara ba shi da ranar yanke kyalle, ba a kafa masa allo da hoton kowa, na san wannan ne ciwon.

Alau ta isa wa'azi. An gina ta a tsakiyar shekarun 1980 a kan kogin Ngadda, ta taɓa yin ɓarna a 1994. A daren 9 ga Satumba wayewar 10, shekarar 2024, ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci, ya ci kasuwa da asibiti da gidan yari da gidan namun daji, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Bayan haka gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta. Da an riƙa kashe ɗan kaso na wannan kuɗi kowace shekara ana dubawa ana toshewa, wataƙila da ba a kai nan ba. Tiga ta girmi Alau da fiye da shekara goma, ruwan da take riƙewa ya ninka na Alau sau da yawa, kuma a ƙasanta akwai Wudil da Ringim da Haɗeja da mu. Ku sa a doka cewa kowace babbar madatsa sai an duba lafiyarta duk shekara, a kawo rahoton gabanku, a buga shi kowa ya gani. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 495 a 2014 domin gyaran ayyukan noman rani, ciki har da na Kano da na kwarin Haɗeja, ya kuma amince da wani na dala miliyan 500 a 2024 wanda ya haɗa da lafiyar madatsu. Bashi ne, jikokina za su biya. Kuna da ikon kiran masu kashe shi ku tambaye su nawa ne ya sauka ƙasa da shingen ruwa na Haɗeja, inda kacala take.

Sai Kafin Zaki. Tun farkon shekarun 1980 aka fara wannan madatsa a kan kogin Jama'are a ƙasar Ningi, aiki ya tsaya, kuma kusan kowace kakar zaɓe sai an tayar da maganar. Mutanen Bauchi suna da haƙƙin neman noman rani, ban raina bukatarsu ba. Amma tun da Haɗeja ta toshe, Jama'are ne kaɗai kogin da ya rage yana kawo malala yadda Allah ya tsara, shi ne yake riƙe da Gashuwa da Gaidam. A can gaba kogin nan shi ne iyakarmu da Nijar, manoman tattasai na Diffa da shi suke ban ruwa, kuma ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 cewa za su raba ruwan da suka haɗa bisa adalci. Duk ranar da aka kawo muku kuɗin Kafin Zaki a kasafi, ku tambaya a nuna muku jadawalin sakin ruwa a rubuce cikin doka tukuna. Mun ga yadda aka yi da Tiga, an gina sannan aka fara tunanin na ƙasa, shekara hamsin ke nan ana tunanin.

Wani abin da yake ba ni dariya, dariyar takaici, shi ne sashen kula da kifi na tarayya an ɗauke shi daga ma'aikatar gona an kai sabuwar ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023. Tsakanin Nguru da teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Jami'ai suna yawan faɗin cewa ƙasar nan tana bukatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa bai kai rabin haka ba, sauran sai an sayo daga waje da dala. Ni ban san tan ba, na san dai a garin da jirgin ƙasa ya taɓa ɗaukar banda yana kaiwa kudu, yau matata kifin ƙanƙara take aikowa a sayo mata, wanda aka kamo a wani teku da ba ta san sunansa ba. Dausayin nan an sa shi a jerin Ramsar, wato na dausayoyi masu muhimmanci a duniya, tun shekarar 2000, Turawa suna zuwa tafkin Dagona kallon tsuntsayen da suka taso daga ƙasashensu. Tsuntsun ya samu takarda, mai jirgin da yake kai su bai samu ba.

Goribar Baba tana nan, amma ba a iya zuwa gindinta. Ruwa ya kwanta a wurin ya fi shekara goma, kacala ta kewaye ta, gidan namu ma mun tashi mun koma kan tudu. Da na je bara daga nesa na hango kanta.

Ranku ya daɗe, na san kwamitocinku suna fita rangadin sa ido. In za ku zo, kada ku tsaya a ofis a Kano a nuna muku taswira. Ku zo sau biyu, ɗaya a watan Satumba ku ga inda ruwa ya tafi, ɗaya a watan Maris ku ga inda ya ƙi tashi. Ku biyo ta Haɗeja da Birniwa ku iso Nguru, ku aika a kira Sarkin Ruwa da matan da suke banda. Na yi wa ƙanena maganar, ya ce zai tuƙa ku kyauta. Ya ce dai in gaya muku jirginsa mutum shida yake ɗauka, kuma inda kacala ta haɗe kowa sauka yake yi ya tura, don haka a bar babbar riga a mota.

Wassalam. Naku,

Tsohon malamin firamare, ɗan masunci,
Nguru, jihar Yobe.